Agogon da Aka Ɗaura wa Guduma

A tashar manyan motoci babu wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Waɗanda suka sani ma sun daɗe da mantawa. Guduma ake ce masa. Ya samo sunan ne tun yana ɗan dako, bai cika ashirin ba, ranar da wani direba ya ja mota alhali shi yana ƙarƙashinta yana ɗaure igiya. Ya mirgino waje da gwiwa a saluɓe, ya bi motar da gudu har bakin ƙofa, ya kai wa gilashin gefen direban naushi ɗaya. Gilashin ya tarwatse, hancin direban ma bai tsira ba. Har yau in ya dunƙule hannun dama, ana ganin farin tabo a kan gaɓoɓi uku.

Ubansa mai fasa dutse ne a bayan gari, mutum ne da ba ya magana sai dole. Abu ɗaya ya koya wa ɗansa: kowane dutse yana da jijiya, wawa ne ke yini yana dukansa ta ko'ina. Yaron ya ƙi sana'ar, amma ya riƙe karatun, ya mai da shi kan mutane. Ya san inda ake bugun ƙato ya durƙusa, ya san inda ake murɗe hannu mutum ya kira uwarsa ko da ta shekara goma a kabari.

Da wannan ƙungiyar direbobi ta ba shi tsaron layi. A tashar, mota in ta shigo, magatakarda zai rubuta lambarta a allo da alli, lodi kuwa bi da bi ne. Wanda ya kwana uku yana jira shi ne zai fara ɗaukar kaya. Amma kullum sai an sami mai wayo da zai zagaya ta bayan sito ya kitsa da mai kaya. Wannan shi ne rabon Guduma. Karon farko madubin mota yake fasawa. Karo na biyu ya soke taya. Na uku kuwa ba ya taɓa mota, mai motar yake jawowa ƙasa ta taga. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, da bututun ƙarfe a hannu wanda ya naɗe wa mariƙi da robar tsohon tiyub. Ya karya yatsu, ya fasa leɓɓa, shi ma an sare shi a kafaɗa, an fasa masa kwalba a ƙeya. Ba ya alfahari da abin, ba ya kuma nadama. In an tambaye shi sai ya ce, "To in ban yi ba, wa zai tare wa mai haƙuri?" Gaskiya ce, amma ba duka ba. Akwai waɗanda ya daka don sun yi masa kallon da bai so ba kawai.

A gida kuwa wani mutum ne daban. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, keken ɗinkin matarsa a bakin ƙofa inda haske ya fi. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Sau ɗaya ransa ya ɓaci ya naushi ƙyauren ɗaki ya tsage, ita kuwa ta hana a gyara har shekara biyu. Duk baƙon da ya tambaya sai ta ce, "Baban yara ne ya yi faɗa da ƙofa, ƙofar ce ta fara zaginsa." 'Ya'yansu uku duk sun girma sun kama gabansu, saura su biyu da ƙarar keke.

Sai zazzaɓin nan ya zaga gari. Ya kwantar da rabin tashar, ya ɗauke tsofaffi biyu. Guduma ya yi kwana goma a kwance, ya tashi, kowa ya yi masa barka. Sauran da suka kwanta duk suka koma aiki kamar ba a yi ba. Shi ne dai bai dawo daidai ba. Matakala uku ce a ƙofar ofishin ƙungiya, amma in ya hau su sai ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku kamar ya yi tseren mil guda. In ya daɗe a tsaye idonsa ya fara ganin duhu daga gefe. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ba ranar da ya yi aikin ƙarfi yake jin jiki ba. Ranar zai koma gida garau. Washegari ne, ko jibi, zai farka ya ji kamar an zuba masa siminti a gaɓoɓi, ko kofin shayi ya gagare shi ɗagawa, maganar mutane ta riƙa shiga kunnensa tana fita bai kama komai ba.

Asibiti uku ya je. An ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji, an manna masa wayoyi. Likita na ƙarshe ya duba takardu ya ce, "Malam, ka fi ni lafiya. Wataƙila damuwa ce. Ka rage tunani." Guduma ya dafa teburin da hannu biyu, ya ji sarai yadda zai kifar da shi a kan mutumin. Sai ya tuna in ya yi hakan, kwana biyu zai yi bai tashi ba. Ya fito ya zauna a benci yana huci.

A nan wata nas ta same shi, siririya mai tabarau, da wuya ta kai shekarun 'yarsa ta fari. Ta rusuna ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya yi zazzaɓin bara. Daga nan ta shiga zayyana masa ciwonsa tiryan-tiryan, har da na washegarin, kamar a ɗakinsa take kwana.

"Wa ya faɗa miki?" ya tambaya.

"Ba kai kaɗai ba ne, Baba. Kuna da yawa. Ƙwayar cutar ta tafi, amma ta bar ɓarna a jikin wasu, ba mu gama gane ta ba. Matsalar ita ce ciwonku ba ya biyo ku asibiti. Nan kuna zaune minti goma, komai ya nuna lafiya. A gida yake kama ku, da wurin aiki. Shi ya sa muke so mu bi ku can."

Ta fito da baƙin agogo na roba da ƙaramar waya. Ta juya agogon ta nuna masa wata koriyar fitila da ke ƙiftawa a bayansa, ta ce da ita yake ƙirga bugun zuciya ta cikin fata. Yana ƙirga taku, yana kuma lura da barci. Wayar za ta yi ƙara sau uku a rana ta tambaye shi yadda yake ji da abin da ya yi, ba sai ya rubuta ba, ya danna ya yi magana kawai. In zuciyarsa ta wuce iyakar da aka sa masa, agogon zai girgiza, ma'ana ya nemi wuri ya zauna. In ta daɗe a sama sosai, saƙo zai shigo kwamfutarta, ta kira shi.

"Kada in yi maka ƙarya, Baba, ba magani ba ne. Bincike ne. Wataƙila ya amfane ka, wataƙila na bayanka zai amfana."

Ya jima yana jujjuya agogon a tafin hannunsa. "Sharaɗi ɗaya, 'yata. Kada wani mahaluki a tasha ya ji. Ba ki san inda nake aiki ba. Ranar da suka san ba ni da ƙarfi, na kaɗe."

Ta yi masa alkawari. Ta ce ko a takardunsu lamba ce gare shi, ba suna ba. Lambar wayar matarsa kawai ta karɓa saboda ko-ta-kwana.

Haka ya shiga ɓoye ciwonsa kamar mai ɓoye kayan sata. Ya koma sa riga mai dogon hannu. Ya mirgino tsohon duro bakin ƙofar tasha ya kife, ya zauna a kai da bututunsa a kan cinya. A da yawo yake tsakanin motoci, yanzu ido ne ke yi masa aiki. In mai wayo ya fara ja da baya zuwa sito, sai ya ɗaga bututun ya nuna shi kawai, motar ta tsaya cak. Sunan da ya tara shekara ashirin da biyu shi ke tsaron layin, shi kuwa yana zaune yana ƙirga numfashi.

Amma suna ma sai ana yi masa ban-ruwa. Wani sabon direba da bai san tashar ba ya tsallake motoci shida, da aka yi masa magana ya ce uban wa zai hana shi. Ido ya dawo kan duro. Guduma ya tashi, ya taka a hankali kamar isa ce ta sa, ya buɗe ƙofar motar, ya fizgo mutumin ta wuyan riga. Mari ɗaya ya yi masa da bayan hannu, leɓe ya fashe, sannan ya haɗa fuskarsa da marfin injin mai zafi har sai da ya yi kururuwa. Ana ta ihu ana kiran Guduma. Agogon kuwa yana ta karkarwa a ƙarƙashin riga kamar an ɗaure masa ƙudan zuma a wuyan hannu. Ya ratsa taron bai kalli kowa ba, ya zagaya bayan banɗaki inda wari ke korar mutane, ya zube a ƙasa, ya jingina da bango yana haki. Wayar ta yi ƙara.

"Baba, me kake yi haka?"

"Aiki."

"Wane irin aiki ne zai kai zuciya ɗari da sittin?"

"Irin wanda ba a faɗa wa yara."

Kwana biyu ya yi a kwance bayan wannan. Da aka aiko daga tasha, matarsa ta leƙa ta ce ya tafi gaisuwar rasuwa. Ta dawo ta tsaya a kansa da tsinken allura a baki. "Baban yara, ka fa rage dukan mutane. Danginka sun kusa ƙarewa. Watan nan kaɗai na kashe maka kawu biyu da goggo ɗaya."

Ya so ya yi dariya, ƙirjin ya ƙi.

Bayan wata uku nas ɗin ta zaunar da shi gaban kwamfuta ta nuna masa wani zane, layi ne mai hawa da sauka. Ta sa biro a kan wani tsauni mai tsini. "Ka ga nan? Ranar Talatar da na kira ka ce." Ta matsa gaba kaɗan inda wani layin ya kwanta a ƙasa. "Nan kuma Laraba da Alhamis. Taku arba'in da ɗaya ka yi duk yinin Laraba, daga shimfiɗa zuwa banɗaki. Kuma duba, kana kwance amma zuciyarka ba ta huta ba. Sau biyar ke nan muna ganin haka, duk iri ɗaya. Ba lalaci ba ne, Baba, ba kuma tunani ba ne. Ga shi a rubuce."

Ya zuba wa zanen ido. Wata da watanni yana zargin kansa, yana cewa ko tsufa ne, ko tsoro ne ya shige shi bai sani ba. Ya share maƙogwaro ya ce ta buga masa a takarda. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Daga ranar ya daina jin haushin agogon. Wayar in ta yi ƙara da hantsi, da azahar, da la'asar, sai ya zagaya bayan banɗaki ya ba ta labari dalla-dalla kamar mai ba da shaida.

Wata safiya jami'an hana fasa-ƙwauri suka shigo tashar da motoci huɗu. Ba su yi dube-dube ba. Kai tsaye suka wuce wajen motoci uku daga cikin hamsin ɗin da ke tashar, suka sa aka sauke buhunan sama, suka ciro abin da ke ƙasa. Suka tafi da motocin da direbobi biyu, ɗaya ƙanin ciyaman ɗin ƙungiya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Guduma ba ya nan a ranar, yana gida a kwance.

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Wanda ya san mota uku cikin hamsin, daga cikin gida aka nuna masa.

Akwai wani direba da ake kira Kunama, gajere mai kaifin baki, wanda haƙoransa biyu na gaba suka zube a hannun Guduma shekara tara da suka wuce. Shi ya fara harhaɗa zancen, a rumfar mai shayi, a hankali, kamar ba ya so. Ya ce shi bai ce komai ba fa, amma mutumin da bai taɓa ɗaura agogo ba, me ya kai shi ɗaura wanda ba ya cirewa ko zai wanke hannu, yana kuma rufe shi da riga cikin wannan zafi? Wani bakanike ya ce shi ya ga abin, wuta ce koriya a ƙasansa tana ƙiftawa, irin ta na'urar ɗaukar magana. Wani ya ce wayar ma ba tasa ba ce, ba a kiran kowa da ita, ita ke kira. Sai Kunama ya sauke murya ya ce shi da kunnensa ya ji, yana cikin banɗaki, mutumin yana bayan bango yana cewa: ƙarfe goma ina bakin ƙofa, sha ɗaya na je wajen sito, na tsaya minti ashirin ana lodi.

"Wa ke ba matarsa irin wannan rahoto?" in ji Kunama. "Kuma tun yaushe ya daina yawo ya koma zaman ƙofa yana ƙirga mai shiga da mai fita? Ranar da aka zo kamen kuma yana ina?"

Babu wanda ya kawo ciwo a ransa. Guduma da ciwo ba su taɓa haɗuwa a tunanin kowa ba.

Ranar da ya dawo, rana tsaka, aka ce ciyaman na kiransa a rumfar masu faci da ke bayan ofis. Ya ajiye bututunsa a kan duro ya tafi. Yana shiga ya ga mutum kusan talatin a tsaye. Bai kai ga juyawa ba aka sauke masa sifanar taya a kafaɗa. Ya tafi gaba kamar zai faɗi, ya dafa jak ɗin ɗaga mota, ya waiwayo. Jikin ya tuna aikinsa kafin kai ya tuna ciwo. Ya kama na kusa da shi ya naushe shi a muƙamuƙi, aka ji ƙas, mutumin ya zube. Ya sa gwiwar hannu a hancin na biyu. Taron ya ja da baya taku ɗaya, tsohon tsoro ya motsa. Da na da ne, a nan zancen zai ƙare.

Sai duhun ya taso daga gefen idanunsa. Ƙafafunsa suka zama kamar ba nasa ba. Ya kai hannu zai kama ginshiƙi, ya kama iska, ya durƙusa.

Suka rufe shi. Ƙafa, bel, guntun katako, igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya. Ya ji haƙarƙarinsa ya amsa a dama. Wani ya taka masa yatsu da takalmin aiki ya murza. Jini ya cika masa baki, ya tofar ya ga har da ɓallin haƙori. Aka yage hannun rigar, aka murɗo hannunsa sama, aka ɗaga agogon kaɗan don kowa ya gani. Koriyar fitilar tana ta ƙiftawa a kan fata.

"Ga ta nan! Wallahi ga ta nan!"

Wani ya mirgino tsohuwar taya. Aka zura masa ita ta ka ta sauka a kafaɗu. Ya ji sanyin fetur a wuyansa kafin warin ya iso hancinsa.

Ciyaman ya tsuguna a gabansa, dattijo ne mai furfura, sun fi shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya. Idonsa ja wur. "Guduma, ni da kai. Ƙanina yana can a kulle. Ka faɗa min wa kake yi wa aiki, in san abin da zan gaya wa tsohuwarmu."

Maganar tana bakinsa, gajeruwa ce, takardar ma tana aljihu. Amma ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi, yawancinsu waɗanda suka taɓa ɗanɗana hannunsa ne. Wannan ya karya masa yatsa. Wancan ya tsoma masa kai a kwata. Na bayansa ya mare shi a gaban ɗansa. In ya ce shi ɗan leƙen asiri ne, za su kashe Guduma. In ya ce ba shi da lafiya, babu sauran Guduman da za a kashe, sai wani tsoho da kowa zai zo ya karɓi fansa a jikinsa. Ya sunkuyar da kai.

Wayar ta yi ƙara a aljihun wandonsa.

Kunama ya zaro ta ya ɗaga sama. "Ogansa ne! Ku yi shiru, ogansa ke kira!" Ya danna, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya kara ta a bakin Guduma. Wani a baya ya girgiza kwalin ashana.

"Baba? Baba, kana jina?" Muryar siririya ce, a firgice. "Ban taɓa ganin zuciyarka ta kai haka ba. Kana inda za mu iya magana?"

In ya ce a'a, za ta kashe wayar, ta riƙe masa alkawarinsa. Ya san za ta riƙe. Fetur ya gangaro masa cikin ido yana zafi. Ya tuna matarsa, ya ga yadda za a zo a kira ta ta gane gawa ta tabon hannu, don fuska ba za ta ganu ba.

"'Yata," ya ce, harshen ya yi nauyi. "Akwai mutane a nan. Faɗa musu abin da ke damuna."

"Baba, ka ce kada kowa ya ji."

"Na janye. Faɗa musu duka."

Ta faɗi asibitin da take aiki. Ta ce agogon ba ya jin magana, bugun zuciya yake ƙirgawa. Ta ce mutumin da ke gabansu tun zazzaɓin bara bai warke ba, ba ya iya tsayuwar rabin awa, in ya yi aikin ƙarfi sai ya kwana biyu bai iya ɗaga kai ba. Da aka tambaye ta ranar da aka zo kamen, ta ce tun safe har yamma bai bar shimfiɗarsa ba, tana da shaida. "Ban san me kuke yi masa ba," in ji ta, "amma ina ganin zuciyarsa a gabana yanzu. In ba ku bar shi ya kwanta ba, za ta iya tsayawa. Na riga na tura mota, na kira gida."

"Shiri ne," wani ya ce, amma ba da ƙarfi ba.

Guduma ya nuna aljihun gaba da haɓa. Magatakarda ya sa hannu ya zaro takardar, gefenta ya jiƙe da fetur. Ya ware ta, ya gyara tabarau, ya karanta kan takardar da hatimin asibiti, ya bi layin da yatsa. "Ranar da ya haɗa wa yaron nan fuska da inji," ya ce a hankali. "Ga ta. Ga kuma kwana biyun da aka ce ya tafi gaisuwa." Ya ɗago kai. "Ciyaman, mutumin nan ba shi da lafiya."

Ciyaman ya miƙe, ya sa hannu biyu ya cire tayar da kansa ya jefar gefe.

"Wata nawa kana zaune min a ƙofa haka?"

"Bakwai."

"Bakwai." Ya girgiza kai. "Wata bakwai muna tsoron buhu, ashe ba komai a ciki."

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka kama. Kunama ya ajiye wayar a ƙasa, ya matso, ya tsaya yana kallonsa. Bai dunƙule hannu ba. Ya buɗe tafi ya mare shi a kunci, mari marar ƙarfi irin wanda ake yi wa yaro mai ƙiriniya. Ya jira. Kowa ya jira. Hannun Guduma yana kan cinyarsa, bai motsa ba. Kunama ya yi murmushi har giɓinsa ya fito, ya sake marinsa a ɗaya kuncin.

"Ya isa," in ji ciyaman, ba tare da ya kalle su ba. Hankalinsa ya riga ya bar wurin. Yana bin fuskokin mutanensa ɗaya bayan ɗaya, su ma suka fara satar kallon juna, don motoci uku dai ba su nuna kansu ba. Mai riƙe da galan ɗin fetur bai ajiye shi ba.

Guduma ya lalubi wayarsa da takardarsa. Ya yi rarrafe zuwa ginshiƙi, ya miƙe da ƙyar. Ba wanda ya tare shi, ba wanda ya kama shi. Daga rumfar faci zuwa ƙofar tasha bai fi taku ɗari ba, ya yi su yana dafa jikin motoci, yana barin shatin jini a kan fenti. A bakin ƙofa agogon ya sake girgiza. Ya dubi hanyar bayan banɗaki, ya ga nisanta. Sai ya zauna a ƙasa a nan inda yake, a gaban masu shiga da masu fita, ya miƙe ƙafafu, ya jingina da ƙarfen ƙofa. Masu dako suna wucewa suna kallonsa. Ya bar su suka kalla.

Matarsa ta riga motar asibiti isowa. Ta sauko daga babur, zare na manne a zaninta, takalmi ƙafa ɗaya nata ɗaya nasa. Ta tsaya a kansa ta dubi fuskar, ta dubi yatsun, ta shaƙi warin fetur.

"Sun sani?"

"Na faɗa musu."

"Da bakinka?"

"Kusan haka."

Ta kwance mayafinta ta fara goge masa wuya, tana yi a hankali inda fata ta tsage. "To tashi mu matsa inuwa, baban yara. Ana kallonmu."

"Ba zan iya ba tukuna. Sai zuciyar ta sauka."

Ta dubi agogon, ba ta san karatunsa ba. Ta tattara zaninta ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta ɗora hannunsa mai lafiyar a kan gwiwarta, suka jira.